Neman Karkatar Kamfas a Wuri da Lokaci: Taswira, Waya, WMM, IGRF ko Awo da Kanka?

Allurar kamfas ba ta nuna arewa ta haƙiƙa, wato inda layukan longitud suke haɗuwa. Maganaɗisun duniya take bi a daidai inda kake tsaye. Kusurwar da ke tsakanin arewa ta haƙiƙa da inda allura ta dosa ita ce karkatar maganaɗisu. In allura ta kauce gabas, ana rubuta lambar da alamar ƙari. In ta kauce yamma, da alamar ragi. A yau karkatar ba ta wuce 'yan digiri kaɗan ba a yammacin Turai da yammacin Afirka, amma a Kef Tawun ta haura digiri 20 yamma, a Niyu Zilan kuma ta haura 20 gabas.

Ba ta kuma zama wuri ɗaya. A Landan, wajen shekarar 1580, allura tana nuna kusan digiri 11 gabas. Kafin 1660 ta dawo sifili, wajen 1820 ta kai kusan digiri 24 yamma, sannan ta juyo a hankali har ta sake daidaita da arewa ta haƙiƙa a Girinwic a watan Satumba na 2019. Saboda haka tambayar "nawa ce karkatar nan wurin?" rabin tambaya ce, sai an haɗa da "a wace rana?" Wahalar zaɓin ita ce kowace hanya za ta ba ka lamba mai kama da gaskiya, lambar kuwa ba ta nuna a fuskarta ko ta tsufa, ko ta wani wuri ce daban.

Abubuwan da za a auna kowace hanya da su

Kafin komai, a san cewa abu uku ne ke jan allura. Na farko, kuma mafi girma, narkakken ƙarfen da ke motsi a cikin cibiyar duniya, daga zurfin kusan kilomita 2,900. Shi ke ba da sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin, shi ne kuma ke sauyawa shekara bayan shekara. Na biyu, duwatsun ɓawon ƙasa masu ɗauke da ƙarfe, waɗanda ba sa sauyawa da lokaci amma suna iya bambanta daga wannan tudu zuwa wancan. Na uku, wutar lantarki da ke gudana can sama a sararin samaniya saboda tasirin rana, wadda ke kaɗa allura kullum da 'yan mintocin kusurwa (minti 60 ne digiri ɗaya, ana rubuta minti da alamar ′), ranar guguwar rana kuma, wato sa'ad da rana ta watso ƙarfi fiye da kima, da digiri masu yawa a yankunan da ke kusa da ƙuryoyin duniya, wato can ƙarshen arewa da ƙarshen kudu. Duk gardamar da ke tsakanin hanyoyin nan ta tsaya ne a kan wanne daga cikin ukun kowace take gani.

Ma'aunin farko shi ne kuskuren da aikinka zai iya ɗauka. Digiri ɗaya na kuskure yana kautar da kai kusan mita 17 da rabi a kowace kilomita. Mai tafiya a ƙafa da ke neman bakin kogi ba zai ma lura ba, mai kafa dutsen iyaka kuwa ya riga ya shiga gonar maƙwabci. Na biyu shi ne lokacin da ake nema: yau, baɗi, ko 1950. Na uku tsawon rai, wato har yaushe lambar za ta ci gaba da zama daidai kafin a sabunta. Sai kuɗi, sai sauƙi, musamman ko ana buƙatar intanet a filin aiki. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, irin kuskuren da hanyar ta saba jawowa.

Kuskure ɗaya dai ya shafe su duka, gara a fitar da shi tun yanzu. Ƙa'idar ita ce: kusurwa ta haƙiƙa daidai take da abin da kamfas ya nuna, a ƙara karkata tare da alamarta. Kamfas ya nuna 120°, karkata 3° yamma, wato −3°, amsa 117°. Wanda ya juya alamar zai samu 123°. Bai yi kuskuren digiri 3 ba, na 6 ya yi, ya fi wanda bai yi gyaran ba sam ɓata. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Lambar da ke gefen taswira

Taswirar ƙasa mai kyau tana da ɗan zane a gefe mai kibiyoyi uku: arewa ta haƙiƙa, arewar layukan taswira, da arewar maganaɗisu, tare da shekarar da aka ɗauki lambar da kuma yawan sauyinta a shekara. Taswirar teku tana rubuta wannan a cikin da'irar kamfas da aka buga a kan ruwa. Ta jiragen sama kuma tana ja layukan da ke haɗa wurare masu karkata iri ɗaya, dabarar da Edmond Halley ya fara da taswirarsa ta tekun Atlantika a 1701.

Lissafin ba wuya. A ce taswira ta rubuta 2°30′ yamma a 2010, da sauyin 6′ gabas kowace shekara. Zuwa 2025 shekara 15 ke nan, 15 sau 6′ ya ba da 90′, wato 1°30′. Tun da sauyin gabas yake, yana rage yamma ne, saura 1°00′ yamma. Ba kuɗin da za ka ƙara bayan sayen taswirar, ba batir, ba intanet.

Inda gizo ke saƙa shi ne sauyin shekarar kansa ba dawwamamme ba ne. Yana ƙaruwa, yana raguwa, wani lokaci har ya juya. Ninka shi da shekara biyar zuwa goma abu ne mai karɓuwa. Ninka shi da arba'in caca ce, kuskuren na iya haura digiri guda ba tare da wata alama ba. Haka kuma lambar ta tsakiyar takardar ce, a taswira mai faɗin ƙasa gefunan suna iya bambanta.

Tarko na biyu ya fi ɓoyuwa. Layukan da ke tsaye a taswirar UTM, tsarin da ya raba duniya shiyya-shiyya bisa longitud, ba arewa ta haƙiƙa suke nunawa ba, sai a kan longitud na tsakiyar shiyyar. Bambancin kusan daidai yake da nisan longitud ɗinka daga tsakiyar shiyya, a ninka da sin na latitud (maɓallin sin a kalkuleta). Wanda ke digiri 2 daga tsakiya a latitud 30° yana da bambancin digiri 1. Kusa da ikwaita abin ƙanƙani ne, a arewacin Turai ko Kanada yana kusantar digiri 3 a bakin shiyya. In da layukan taswira kake auna kusurwa, kusurwar da ke tsakanin layukan da allura kake buƙata, ba karkatar zalla ba. Wasu zane-zanen ma ba a yi su daidai da girman kusurwar ba, don haka lambar da aka rubuta za a karanta, kada a aza ma'aunin kusurwa a kan kibiyoyin.

Shafukan lissafi masu amfani da WMM

WMM samfurin lissafi ne na maganaɗisun duniya da hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka, NOAA, da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya, BGS, suke haɗawa. Shi ne ma'aunin da sojojin ƙasashen biyu da NATO da harkar sufurin sama da ta ruwa suka dogara da shi. Ana gina shi da bayanan taurarin ɗan'adam, musamman Swarm guda uku da hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a watan Nuwamba na 2013, haɗe da na tashoshin awo da ke ƙasa. Kowane bugu shekara biyar yake yi. WMM2025 ya fito a watan Disamba na 2024, zai yi aiki zuwa ƙarshen 2029.

NOAA da BGS duk suna da shafin lissafi kyauta. Kana shigar da latitud, longitud da kwanan wata, wani lokaci da tsayi, shafin ya ba ka karkata da sauyinta a shekara. A mafi yawan duniyar da mutane ke zaune, kuskuren da ake sa rai bai kai rabin digiri ba, ya fi abin da idonka zai iya karantawa a kamfas na hannu, wanda galibi tazarar digiri 2 ce tsakanin zanensa.

Kusan duk matsalar wannan hanya daga mai shigar da lambobi take. Longitud na yamma da latitud na kudu suna ɗaukar alamar ragi, in ka manta sai shafin ya lissafa maka karkatar wata nahiya, kuma ba zai yi ƙorafi ba. Sai rikita minti da ɗigo: 12°30′ shi ne 12.5, ba 12.30 ba. Wannan ba ya cika ɓata amsar in a latitud aka yi shi, amma in a karkatar da ta fito aka yi, 3°45′ ya koma 3.45 maimakon 3.75, an yi asarar kusan sulusin digiri a banza. Tsayi kuwa ba abin damuwa ba ne ga mai aiki a ƙasa, ko da a kan dutse mai tsawo bambancin ƙanƙani ne ƙwarai.

Iyakar WMM biyu ce. Ta farko, cibiyar duniya kaɗai yake gani. Ƙaramin abin da yake iya bambancewa faɗinsa ya haura kilomita 3,000, saboda haka dutsen ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafarka ba ya cikin lissafi. A wurare irin yankin Kursk na Rasha, inda tama ta yi yawa a ƙasa, allura da samfurin sun yi hannun riga. An fitar da wani nau'insa mai suna WMMHR tare da bugun 2025, mai iya ganin abin da ya kai faɗin kusan kilomita 300, shi ma kyauta. Ya rage matsalar manyan yankuna, bai taɓa ta ƙaramin tudu ba.

Ta biyu, bayan ranar fitowarsa hasashe yake yi: yana ɗauka sauyin zai ci gaba a miƙe har shekara biyar. Wannan ya taɓa karyewa. Ƙuryar arewa ta maganaɗisu, wadda James Clark Ross ya gano a arewacin Kanada a 1831, ta riƙa tafiya zuwa Saiberiya da saurin kusan kilomita 50 zuwa 55 a shekara, har bugun 2015 ya kauce fiye da ƙima a yankin Aktik, aka fitar da gyara na musamman a farkon 2019 kafin wa'adi ya cika. Ga mazauna nesa da ƙurya abin bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna cewa lambar shekara ta huɗu ba ta kai ta shekarar farko ƙarfi ba.

IGRF, don shekarun baya

IGRF shi ma samfurin lissafi ne irin WMM, aikin haɗin gwiwa na masana daga ƙasashe da dama a ƙarƙashin IAGA, ƙungiyar masana maganaɗisun duniya. Bugu na 14 ya fito a ƙarshen 2024, ya ɗauko tun daga 1900 har zuwa 2030. Kyauta ne, shafukan NOAA da BGS suna ba da damar zaɓarsa. In ranar yau ake nema, shi da WMM kusan amsa ɗaya suke bayarwa, bambancinsu yawanci ɗan ɓangaren digiri ne, ba abin da za a ɓata lokaci a kai. Fifikonsa na baya ne. WMM2025 ba ya aiki a kan 1985, in ma wata manhaja ta yarda ta lissafa, amsar ba ta da tushe. IGRF kuwa yana ajiye lambobin kowace shekara biyar, yana kuma komawa ya gyara na baya da zarar cikakkun bayanai sun taru.

Amfaninsa a fili yake wurin bin tsohuwar takardar fili. A ce safiyo ya rubuta iyaka ta nufi 45° da kamfas a 1950, karkatar wurin a lokacin 8° yamma, yau kuma 1° yamma. Kusurwa ta haƙiƙa ita ce 45 a cire 8, wato 37°. Kamfas na yau zai nuna wannan layi a 37 a ƙara 1, wato 38°. Wanda ya ɗauki 45° kai tsaye ya kauce digiri 7, sama da mita 120 a kilomita guda. Sai dai a fara tabbatar da abu ɗaya: ko shi safiyon na dā ya riga ya mayar da kusurwoyinsa na haƙiƙa kafin ya rubuta. In takardar ba ta faɗa ba, a nemi duwatsun iyaka biyu da suka tsira, a auna layin da ke tsakaninsu, a kwatanta da abin da aka rubuta. Wannan ya fi kowane samfuri ƙarfin hujja, domin ya haɗa har da kuskuren kamfas ɗin mutumin.

Ingancin yana raguwa in aka yi nisa baya. Kafin zamanin taurarin ɗan'adam bayanan sun ta'allaƙa ne ga tashoshin awo, waɗanda suka fi yawa a Turai da Arewacin Amurka. Kafin 1900 sai a koma samfurin gufm1, wanda aka gina daga littattafan matuƙan jiragen ruwa, ya kai har 1590. Ya isa ga mai nazarin tarihi, bai isa shari'ar iyaka ba.

Waya da na'urar GPS

Wayar zamani tana ɗauke da WMM a cikinta. Android yana da sashe mai suna GeomagneticField da manhajoji ke tambaya, iPhone kuma yana da zaɓin amfani da arewa ta haƙiƙa a saitin kamfas, muddin an bar wayar ta san inda take. Babu abin da ya kai wannan sauƙi, kuma lissafin karkatar ba ya buƙatar intanet.

A nan sai a raba abu biyu da ake yawan gwamutsawa. Lambar karkatar da waya ta lissafa tana iya zama daidai, amma kibiyar da take nunawa daga ɗan ma'aunin maganaɗisun cikinta take fitowa, wanda ke zaune kusa da batir da lasifika. Kuskuren digiri da yawa abu ne da aka saba gani, rigar waya mai maganaɗisu kuma tana lalata shi gaba ɗaya. Jujjuya waya a iska kamar ana zana lamba 8 yana gyara wani ɓangare, ba duka ba. Sannan bugun samfurin yana tafiya ne da tsarin wayar: wadda ta daina samun sabuntawa tana iya ci gaba da lissafi da bugun da wa'adinsa ya wuce shekaru. Haka tsofaffin na'urorin GPS na hannu da na kwale-kwale.

Haɗarin da ya fi yawa shi ne gyara sau biyu. Waya tana kan arewa ta haƙiƙa, mai ita bai sani ba, ya sake ƙara karkata da hannu. Irin wannan ke faruwa da kamfas mai ɗan sukurun saita karkata a bayansa: an saita shi bara a wata ƙasa, an manta. Kafin a karanta kowace kusurwa a duba wace arewa na'urar take kai.

Lissafi a cikin manhajarka

Mai gina manhaja ko na'ura, kamar jirgi maras matuƙi ko abin bin rana na farantin sola, ba sai ya riƙa tambayar wani shafi ba. NOAA tana raba lambobin WMM a ɗan ƙaramin fayil mai suna WMM.COF tare da manhajar lissafi a harshen C, kyauta, akwai kuma irinta a Python da sauran harsuna. Amsar daidai take da ta shafin, babu intanet, babu jira.

Ana shigar da rana a matsayin shekara mai ɗigo, 1 ga Yuli 2026 kusan 2026.5 ke nan. Tsayi a kilomita yake, ba mita ba, shigar da mita a gurbin kilomita kaɗai yana iya aika na'urarka sararin samaniya a lissafi. Kada a dasa lambobin a cikin manhaja yadda ba za su canzu ba, a bar fayil ɗin a waje, a kuma sa gargaɗi ya fito da zarar rana ta wuce wa'adin samfurin. Akwai jadawalin amsoshin gwaji da ake fitarwa tare da kowane bugu, a gwada da shi kafin a yarda da kowace shiryayyar manhajar lissafi da aka samo, domin wasu an daina kula da su tun bugun 2015 ko 2020.

Awo da kanka

Na zaune bai ga gari ba. Wannan ce kaɗai hanyar da ke ganin abubuwan nan uku masu jan allura tare, har da kuskuren kamfas ɗinka. Tsarin guda ne: ka samu layin da ka san kusurwarsa ta haƙiƙa, ka auna shi da kamfas, ka cire na kamfas daga na haƙiƙa.

Samun layin shi ne aikin. Mafi arha ita ce inuwa. A kafa sanda a miƙe sosai, a tabbatar da zare mai nauyi a ƙarshensa, a kan ƙasa mai shimfiɗa. Da hantsi a yi alama a bakin inuwar, a zana da'ira daga gindin sandar ta ratsa alamar. Bayan azahar, sa'ad da bakin inuwar ya sake taɓa da'irar, a yi alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamomin gabas da yamma ne na haƙiƙa, wanda ya gitta shi kuma kudu da arewa. Sanda mai mita ɗaya zuwa biyu ta isa. In ƙasa ta karkata ko sandar ta jingina, amsar ta ɓaci. Dogara da inuwar tsakar rana kaɗai ba ya yi a yankunan da rana ke hawa tsakar ka, don inuwar tana gajarta har ta rasa alƙibla.

Hanya ta biyu tauraron Polaris, ga mazauna arewacin ikwaita. Ba a daidai arewa ta haƙiƙa yake ba, yana kewaya ta da tazarar kusan kashi biyu bisa uku na digiri, don haka ko dai a yarda da wannan kuskure, ko a duba matsayinsa na wannan sa'a a manhajar taurari. Kusa da ikwaita yana sauka ƙasa-ƙasa har ƙura da bishiyoyi su rufe shi.

Ta uku GPS. A ɗauki wurare biyu da ake hangen juna, a lissafa kusurwar da ke tsakaninsu daga latitud da longitud. Tsawon layin shi ne komai: kuskuren mita 5 a kan layin mita 100 kusan digiri 3 ne, a kan kilomita guda kuwa kusan sulusin digiri. Da wayar hannu kada layin ya gaza kilomita. Da na'urar safiyo mai daidaiton santimita, mita ɗari biyu sun wadatar.

Wajen karanta kamfas, a cire wuƙa, makullai, waya da agogo mai ƙarfe. A yi nisa da mota da shingen waya da rufin kwano da aƙalla mita 20 zuwa 30, da manyan layukan lantarki fiye da haka. A auna layin daga A zuwa B, a koma a auna daga B zuwa A. Bambancinsu ya kamata ya zama 180° cif, in ya kauce da fiye da digiri ɗaya, akwai abin da ke jan allura a ɗaya daga cikin wuraren. A maimaita sau biyar a ɗauki matsakaici. Kada a yi awo ranar guguwar rana: ma'aunin ƙarfin guguwar, mai suna Kp, yana tafiya daga 0 zuwa 9, in ya kai 5 a ɗaga aikin. A guguwar 10 da 11 ga Mayu 2024 ya kai ƙololuwa.

Da kamfas mai madubi, digiri ɗaya zuwa rabi shi ne iyakar abin da za a samu. Wato a wuri maras duwatsun ƙarfe, awonka ba zai fi WMM daidai ba, gaskiyar ke nan. Amfaninsa shi ne ya fallasa inda samfurin ya kauce da digiri biyu ko uku. Daidaito na ƙasa da minti ɗaya sai da tiyodolait, na'urar auna kusurwa ta safiyo, maras ƙarfe mai ma'aunin maganaɗisu a kansa, irin na tashoshin awo, kayan tsada masu buƙatar horo.

Samfuran da ake biya

BGGM na BGS da HDGM na NOAA ana sabunta su kowace shekara, suna haɗa bayanan ɓawon ƙasa, ana kuma biyan lasisi. Masu haƙar rijiyoyin mai da ke lanƙwasa rami a ƙarƙashin ƙasa, inda GPS ba ya kaiwa, su aka yi wa. A can ɓangaren digiri yana nufin kauce wa wata rijiya ko faɗa mata. Ga sauran mutane kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

| Hanya | Kuɗi | Lokacin da take aiki | Daidaito | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Taswira | Kuɗin taswira | Shekara 5 zuwa 10 daga bugawa | Yana raguwa da tsufa | Tsohon sauyin shekara, rikita arewa uku |
| Shafin WMM | Kyauta | 2025 zuwa ƙarshen 2029 | Ƙasa da rabin digiri a yawancin wurare | Alamar longitud, duwatsun ƙarfe |
| IGRF | Kyauta | 1900 zuwa 2030 | Kamar WMM a yau, ya fi rauni a baya | Ɗaukar tsohuwar lamba kamar tabbas |
| Waya ko GPS | Babu ƙari | Gwargwadon sabuntawa | Lamba mai kyau, kibiya mai rauni | Gyara sau biyu, tsohon bugu |
| Fayil a manhaja | Kyauta, sai lokacin aiki | Wa'adin bugun | Daidai da shafin | Manta sabuntawa, mita a madadin kilomita |
| Awo da kanka | Kamfas da yini guda | Wurin da ranar kaɗai | Digiri 1 zuwa rabi | Ƙarfe a kusa, gajeren layi |
| BGGM, HDGM | Lasisi | Shekara guda | Mafi kyau cikin samfura | Tsada |

Wa ya dace da wanne

Mai tafiyar daji da taswira da kamfas ya duba shafin WMM kafin ya fita, ya zagaye lambar zuwa digiri mafi kusa, ya rubuta ta da shekara a gefen taswirar da fensir. Sau ɗaya a shekara ya isa, sai in ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, musamman gabas ko yamma. Mai kafa farantin sola ma haka, digiri biyu ko uku ba sa rage wuta yadda za a ji. Mai saita kwandon satalayit lambar WMM za ta kai shi kusa, ƙarfin sigina ne zai ƙarasa, kuma kada ya karanta kamfas a jikin kwandon.

Mai kwale-kwale ya yi aiki da da'irar taswirarsa in sabuwa ce, ya kwatanta da WMM in ta haura shekara goma, ya kuma tuna cewa jan da inji da ƙarfen jirgin ke yi wa kamfas lissafi ne daban, mai canzawa da inda jirgin ya fuskanta. Matuƙin jirgin sama ba shi da zaɓi, abin da ke taswirar hukuma mai aiki shi zai bi, domin lambobin titunan sauka ma da maganaɗisu ake ba su. Shi ya sa filin jirgin Stansted na Ingila ya canza titinsa daga 05/23 zuwa 04/22 a 2009.

Safiyo mai bin tsohuwar iyaka ya fara da IGRF na shekarar takardar, ya tabbatar da duwatsun da suka tsira. Sabon aiki kuwa kada ya ɗora shi a kan kamfas sam, GPS na safiyo yana ba da arewa ta haƙiƙa kai tsaye. Mai gina manhaja ya ɗauki fayil ɗin WMM in na'urar yau take aiki, IGRF in masu amfani za su shigar da ranakun baya. Masanin duwatsu da ke aiki a yankin tama ko tsohon aman wuta ya haɗa biyu: samfuri don ya san abin da ya kamata, awon gaba da baya a kowane sansani don ya san abin da yake akwai, ya rubuta duka biyun da rana da sunan bugun a littafinsa.

Mai aiki kusa da ƙuryoyin maganaɗisu lamarinsa daban ne. A can layukan maganaɗisu suna nutsewa ƙasa kusan a tsaye, ƙarfin da ke juya allura a kwance ya yi rauni. WMM yana ware yankin da wannan ƙarfi ya gaza nanotesla 2,000 (nanotesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) a matsayin inda ba a dogara da kamfas ko kaɗan, tsakanin 2,000 da 6,000 kuma yankin taka-tsantsan. Shafin zai ba da lamba duk da haka, amma allurar ba za ta tsaya a kanta ba. A nan sai GPS mai eriya biyu, ko rana da agogo. A arewacin Kanada ma da arewa ta haƙiƙa ake ba titunan jirgin sama lamba.